Alhaji Nalado Mai Ɗanɗanar Azurfa

Wani mutum ne aka yi a Funtuwa, ana ce masa Alhaji Nalado. Sana'arsa sayar da buhunan wofi, amma in ka ji shi yana zuba sai ka rantse shi ya ƙera wa Turawa kuɗi. Yana cikin wasu dattawa masu tara tsofaffin kuɗi, irin su anini da kwabo mai huji da sisi da sule. Duk Lahadi bayan la'asar sukan hallara a rumfar wani tela, su shimfiɗa tabarma, kowa ya zazzage gwangwaninsa, a yi musaya. Ƙa'idarsu guda ce. Ka faɗi aibin naka da bakinka, ɗan'uwanka ya faɗi na nasa, in kun yarda ku yi musafaha.

To shi Alhaji bakinsa bai san aibin kayansa ba, na mutane kawai ya haddace. Ya ce shi ba ruwansa da tabarau ko ma'auni, da harshe yake gane kuɗi. Sai ya jefa sule a baki, ya lumshe ido, ya tsotsa kamar alewa, ya fito da shi ya faɗa maka shekarar da aka buga shi. Ya taɓa ɗanɗana wani kwabo ya ce wannan ya daɗe a aljihun wani Bature mai shan lofe. Mutane su yi dariya su ƙyale shi, tunda shekarar dai a jikin kuɗin take, kuma kowa na ganin lokacin da yake satar kallo.

Ran nan sai Malam Haladu, wani tsohon ma'aikacin gidan waya mai sanyin hali, ya zo da ɗan taro na azurfa, wato kwabo uku na da. A adudun marigayiya gwaggonsa aka tsince shi, fari tas, kamar jiya aka buga. Alhaji na gani ya ji yawu ya tsinke masa. Ya tura kwabbai, Malam Haladu ya girgiza kai. Ya ƙara da sulalla, ya sake girgizawa. Ya ce in dai musayar gaskiya ake so, Alhaji ya kawo fatakarsa ta azurfa, wato sule biyu na da, shi ke nan magana ta ƙare. Alhaji kuwa gara a ce ya ba da ƙofar gidansa da ya ba da fatakar nan.

Sai ya koma gida ya ƙulla dabara. Yana da wani taro na tagulla, girmansu ɗaya. Ya kai wa wani maƙeri ya wanke masa shi da ruwan azurfa, ya fito yana ƙyalli. Shirin shi ne ya ɓoye na bogin a kumatu, ya karɓi na Malam Haladu da sunan ɗanɗanawa, ya tofo na bogin, ya goga shi a siminti kowa ya ga tagulla. Ya sami azurfa a banza, ya kuma ƙara suna. Abin da za a ce da Malam Haladu a gari kuwa, wannan bai dame shi ba. Ya yi ta gwaji a ɗaka da aninai har uwargidansa ta fara tambayar maƙwabta ko akwai mai maganin aljanu.

Ranar Lahadi ya iso rumfa shiru, abin da ba a taɓa gani ba. Ana gaishe shi yana amsawa da ka. Da aka matsa sai ya nuna kumatu, alamar haƙori ke ciwo. Tela ya yi masa sannu da baki, a zuci kuwa addu'a yake ciwon ya daɗe.

Aka fito da kaya. Alhaji ya miƙa hannu, ya yi gunguni ta gefen baki cewa kafin ya saki fataka sai harshensa ya tabbatar. Malam Haladu ya ba shi. Alhaji ya jefa, ya lumshe ido, ya ɗaga haɓa sama yana juya harshe. Na gaske ya nufi dama, na bogi ya taso daga hagu. Suna tsakiyar hanya ke nan sai ga Barau mahauci, taubashinsa, wani ƙato mai hannu kamar faifai. Ya lallaɓo ta baya ya ɗirka masa duka a gadon baya, tim, wai gaisuwa ce.

Maƙwat.

Alhaji ya zaro ido, ya dafe maƙogwaro, ya manta da ciwon haƙori.

"Na haɗiye! Wallahi na haɗiye!"

Yana buɗe baki sai ga taro ya faɗo kan siminti, ƙwal, ya gangara ya tsaya a gaban Malam Haladu. Tela ya tsayar da keke, ya ce, "To Alhaji, in ga shi nan, me ka haɗiye?"

Alhaji ya shiga kame-kame. Ya ce ai yawu ne. Ya ce ko dai kuɗin ne ya shiga ya dawo, tsohuwar azurfa takan yi haka. Malam Haladu ya sunkuya. Ya sa tsinke ya jawo kuɗin, ya taka shi da takalmi ya goga a ƙasa. Sai ga jar tagulla ta bayyana. Ya ɗago ya dubi tumbin Alhaji, ya daɗe yana dubansa.

"Ashe gadon gwaggo yana nan ciki."

Barau ya ce a ba shi wuƙa yanzu ya fito da shi, ai aikinsa ne. Da ƙyar aka lallashe shi ya haƙura da man gelo. Suka sa Alhaji a tsakiya har gida, Barau ya danne shi ya ɗura masa rabin kwalba, ya ƙara da jiƙon filasko wai don kada a yi aikin banza. Dattawa suka shimfiɗa tabarmarsu a ƙofar gidan. Duk wanda ya zo wucewa ya tambaya ko rasuwa aka yi, sai Barau ya ce a'a, haihuwa ake jira.

Abin bai zo da wuri ba. Alhaji ya yi safa da marwa tsakanin ɗaki da bayan gida har ƙafafunsa suka daina ɗaukarsa. Washegari da hantsi, unguwa ta cika, sai aka ji ƙarar abu a cikin tsohon kwano, ƙal. Uwargida ta rangaɗa guɗa daga cikin gida.

Can sai ga Alhaji ya fito yana bin bango, hula a karkace, tumbi ya zube, ya riƙo ɗan taron a kan faranti. Ya ajiye gaban Malam Haladu, ya ce cikin 'yar siririyar murya an wanke shi da sabulu, a yi masa afuwa a rufa asiri.

Malam Haladu ya sunkuya ya leƙa farantin, hannayensa a baya. Ya ce shi ya yafe, amma fa ƙa'ida ƙa'ida ce. Jiya ma fari tas ya gani, ashe tagulla ce, shi kuma idonsa ya tsufa. Ya tura farantin da ɗan yatsan ƙafa zuwa gaban Alhaji.

"Duk garin nan kai kaɗai ka san azurfa da harshe, Alhaji. Bisimilla, ɗanɗana mana."