Gadajen Asibitinmu Sun Fi Ni Yawo

Jiya na wuni a layin mai, alhali ko keke ba ni da shi. Motar hayar da ta ɗauko ni daga yankin bakin kogi ce ta shiga layi da mu a cikinta. Direba ya kashe inji, ya ce kowa ya yi haƙuri, ya tafi neman abinci.

Maganar babbar 'yata ce ta kai ni can. Ta gama karatun jinya, an ba ta takarda ta zaɓi inda za a tura ta aiki, ko nan tudu wajenmu ko bakin kogi, kuma sai uba ya sa hannu kafin Juma'a. Ita can take so. Ni kuwa tun da takardar ta shigo gida abinci ya daina yi mini daɗi. Na ce sai na je na gani da idona.

Ƙanin matata da ke zaune can ya tarbe ni a tasha yana cika baki.

"Yaya, yau ka shigo birni. Ku a tudu me gare ku ban da duwatsu da awaki?"

Gaskiya suna da abin nunawa. Kogi shimfiɗe, lambuna kore shar, benaye, kasuwar kifi da ba ka jin maganar na kusa da kai. Amma sauronsu ko da rana bakin aiki yake, kuma famfon gidan ƙanin nawa, da kogi a bayan katanga, iska yake hurawa kamar namu. Mu muna fasa dutse a kai musu su yi gini, su suna kama kifi a wuce da shi ta gabanmu zuwa wani wuri. Wutar lantarki ce kawai aka raba mana da adalci: babu a nan, babu a can.

Ƙanin nawa ya kai ni asibitin da za a tura 'yar tawa. Ashe ranar ce Mai Girma Sarkin Yanka Ƙyalle, babban nan namu mai buɗe ayyukan gwamnati, zai zo dubawa. Sabon fenti, tukwanen furanni, gadaje goma sha biyu da fararen zannuwa. Hankalina ya fara kwanciya.

To ni mai walda ne, in na ga ƙarfe wajen haɗin idona yake zuwa. Na kalli ƙafar gado na uku, sai na ga aikin hannuna. Bara na gyara shi a asibitin unguwarmu. Na duƙa na duba na huɗu da na biyar, duk nawa ne.

Na ce wa mai gadi, "Baba, gadajen nan daga ina?"

"Daga mota."

"Yaushe za su koma?"

"Da Mai Girma ya gama jawabi. Kai dai kada ka jingina da bango, bai bushe ba."

Shi ya gaya mini ma'aikaciyar jinya ɗaya ce tak a asibitin, sauran masu fararen kayan aro ne.

A layin man nan kuma, wace mota ce a gabanmu? Babbar mota, gadaje ɗaure da igiya, furanni na leƙe ta sama. Na je wajen direbanta.

"Maigida, ina aka nufa?"

"Wajenku. Laraba Mai Girma zai duba tudu."

"Marasa lafiyar can fa?"

"Suna da tabarma. Ni ƙarfe aka ce in ɗauko."

Jama'a, dole a jinjina wa manyanmu. Da wasu ne marasa dabara, sai su ɓata dukiya su saya wa kowane yanki nasa. Shekara da shekaru muna gardama da mutanen kogi a kan wa aka fi so, ashe gado ɗaya muke kwana, sai dai ba rana ɗaya ba.

Da na iso gida na zayyana wa 'yata komai, har da maganar mai gadi.

"Uwata, ki zauna kusa da mu. Can babu komai."

"Baba, nan akwai?"

Na hau jujjuya takardar, ita kuwa ta ci gaba.

"Ka ce mace ɗaya ce ke riƙe da asibiti guda. In na je mun zama biyu, ko barci ta samu."

Uwarta ta kalle ni. "Ka je hana ta, ka dawo mata da dalili."

Na sa hannu. Ban yi alkawarin daina damuwa ba. Amma gobe zan haɗa gado guda a shago in bi ta da shi, in kafe ƙafafunsa da siminti, mu ga motar da za ta ɗauka.

Roƙona ɗaya ga Mai Girma, Allah ya ja zamaninsa: a riƙa manna ranakun ziyara a ƙofar asibiti, don talaka ya san ranar da ya dace ya yi rashin lafiya.