Ranar da Na Musanta Ɗana a Kwatano

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kwashe sauran abin da ke kaina. Ƙarfe biyu saura kwata na rana ne, a wani gidan cin abinci da ke bakin teku a Kwatano, kuma mu huɗu ne a teburin: ni, da mai ɗakina Dije, da mahaifinta Alhaji, da ɗanmu na fari, wanda a lokacin ko haƙori bai fitar ba. Zan ba da labarin bi da bi, don ba na son a fara magana daga tsakiya.

Da farko sai a san ni. Ni ne mai tsara layin motoci a tashar Bukkuyum. Direban da ya riga zuwa shi ke fara lodi, ko da na bayansa ƙanen uwata ne. Ba a ganin haƙorana a tasha. A gida ma haka na taso. Namiji ba ya cin abinci gaban surukinsa. Ba ya ɗaukar ɗan fari gaban mutane, ba ya kama sunansa, in ma an tambaye shi sai ya kau da kai ya ce ai yaron na Inna ne. Kunyar ɗan fari ke nan. Ubana ya yi mini ita, har ya koma ga Allah "kai wancan" yake ce mini, kuma ban ga abin da ta rage ni da shi ba. (Haka nake faɗa a lokacin, da babbar murya.)

Alhaji mutumin Gummi ne, amma ya daɗe yana cinikin albasa a Kwatano, har ruwan can ya wanke masa rabin al'ada. Shi ya aiko cewa ƙafarsa ba ta barinsa doguwar tafiya, a kawo masa jikansa ya gani. Inna, mahaifiyata, ta ce a je. Muka ɗaura niyya.

Wanda bai taɓa tafiya da jariri ba bai san kaya ba. Ni da nake babba, jaka ɗaya na riƙe. Wannan da ko zama bai iya sosai ba, sai da aka yi masa buhu guda: kunzugu, majanyu, buta, roba, garin koko, man shafawa, da wata hular sanyi da Inna ta rantse sai an tafi da ita, alhali inda za mu gumi ake yi har da asuba. Muka bi ta Kamba, muka tsallaka iyaka. Yaro ya yi kuka a Najeriya, ya ɗora a ƙasar mutane. Dije ta riƙe shi har hannunta ya sage. Wata mata da ke bayanmu a mota ta taɓa kafaɗata ta ce, "Malam, karɓar mata shi mana ta ɗan miƙe ƙafa." Na juya fuska wajen taga. A raina na ce dubi rashin tarbiyya, mace na koya wa namiji raino.

Kashegarin isarmu Alhaji ya ce sai ya kai mu mun ci abinci a waje. Ba wurin da ya saba zuwa ba, a'a, wani sabon wuri da ya ji ana yabo, don ɗiyarsa ta ga duniya. Ban ga abin da tuwon gidansa ya yi mana ba, amma suruki ba a yi masa musu.

To, mun ga duniyar. Ɗaki ne na gilashi, sanyi kamar cikin randa, mata da maza zaune gaba da gaba suna taunawa suna kallon bakin juna. Aka jera wa kowa cokali, da wuƙa, da wani cokalin mai yatsu, kamar za mu yi fiɗa. Aka fara kawo ɗanyen ganye a faranti, irin wanda muke zuba wa awaki, wai da shi ake buɗe ciki. Har wata doguwar kujera aka jawo wa yaron, mai ɗamara, wai shi ma a zaunar da shi a teburin manya. Dije ta ce ta gode, ta bar shi a cinyarta.

Sai aka kawo kifi. Gasasshe, tsawon damtsena, an kewaye shi da soyayyar ayaba da yaji. Duk rainin da na shigo da shi, hancina bai taya ni ba. Tun shayin safe ban sa komai a cikina ba.

Alhaji ya ce, "Bisimilla, Malam."

Na sunkuyar da kai na ce, "Alhamdu lillahi, Baba, na ƙoshi."

"Mi ka ci?"

"Na ƙoshi dai."

"Nan ba Bukkuyum ba ce, babu mai kai rahoto. Ci abinka."

Na ƙara sunkuyawa. Cikina ya yi wata ƙara da na tabbata har teburin gaba an ji.

Daga nan abubuwa suka zo a jere. Yaron ya ɓata wa uwarsa zane, ɓatawa ba ta wasa ba. Daidai lokacin aka kira Alhaji a waya, ya dogara sandarsa ya fita waje, don ba ya ji sosai a cikin hayaniya. Dije ta sauya wa yaron kunzugu, ta duba hagu da dama ba ta ga wanda ta sani ba, ta ɗora mini shi a cinya ta ce, "Riƙe shi, Malam, in wanko zanen ga. Baba ya fita, babu mai ganinka." Ta ɗauki buta ta yi baya.

Ya rage daga ni sai yaro sai kifi.

Ban yi dogon tunani ba. Na ga ba zan iya ci da hannu ɗaya ba, kuma in Alhaji ya dawo ya same ni da ɗan fari a cinya, wannan wata kunyar ce. A jikin bango akwai wata doguwar kujera mai laushi, babu kowa a kanta. Na kai shi can na kwantar, na tokare shi da matashi, na dawo na ba shi baya. Na ture cokulan nan gefe, na naɗe hannun riga, na faɗa wa kifin da hannu biyu. (Allah ya gani, ko ƙaya ban tsaya cirewa ba.)

Ban san lokacin da ya fara kuka ba. Abin da na sani, na ɗago kai na ga matar da ke kula da wurin tsaye a kaina, wata ƙatuwa mai gilashin ido, da yaron a kafaɗarta. Madam ake ce mata, kuma tana jin Hausar kasuwa sarai.

"Yaron nan na wane ne?"

Zan buɗe baki ke nan, sai ga Alhaji yana turo ƙofa. Ga bakina cike, ga mai har gwiwar hannuna, ni da na ce na ƙoshi. Ga kuma tambaya a kan ɗan fari, a gaban suruki. Harshena ya yi abin da aka koya masa tun ina yaro.

"Ba nawa ba ne."

Madam ta kalle ni ta saman gilashinta. Ta juya wajen Alhaji. "Baba, kai ka san shi?"

A wajenmu kaka da jika abokan wasa ne, kowa ya sani. Alhaji ya kalli yaron, ya taɓe baki ya ce, "Wanga mummuna? Ban san shi ba. Jiya dai aka kawo shi daga Najeriya, yana neman ya ƙwace mini mata."

Da a Gummi ne da an yi dariya an wuce. Madam ba ta yi dariya ba. Ta ƙanƙame yaron, ta ja da baya, ta yi wa wani ma'aikacinta magana da Faransanci, ya fita a guje. Ashe a garin ana yawan zancen masu tsallako da yaran mutane. Ga maza biyu baƙi, ga jaririn da aka kawo jiya daga wata ƙasa, an ajiye shi a jikin bango, kowa ya ce bai san shi ba. Kafin Alhaji ya gama cewa wasa yake yi, ɗan sanda ya shigo.

Mutane suka bar abincinsu suka zagaye mu. Madam na fassara. Ɗan sandan ya ce yaro zai zauna a hannun hukuma har sai an gano iyayensa, mu kuma mu wuce ofis. Ƙasar da ban san hanyar tasharta ba, harshen da ba na ji, a tafi da yaron nan in neme shi a ina? In ce wa Inna me?

Sai ga Dije da jiƙaƙƙen zane a hannu. Ita ma fa ɗan farinta ne, kuma ga ubanta tsaye. Tun da ta haife shi ban taɓa jin ta kama sunansa gaban manya ba. Ta yar da butar.

"Ɗana ne! Ummaru ne! Ni na haife shi! Ba ni ɗana!"

Yaron na jin muryarta ya miƙa hannu yana zillo. Wannan ko makaho ya gane. Amma ɗan sandan ya ɗaga hannu, ya ce uwa dai an gani, ina uban? Ba a tsallako da jariri ba da sanin ubansa ba. In ba a nuna uba ba, maganar ofis tana nan.

Na ce, can ƙasan maƙogwaro, "Ni ne."

Madam ta ce, "Kai? Ba kai ka ce ba naka ba ne? Da kunnena na ji."

"Al'ada ce."

"Wace al'ada? Ta ajiye yaro a ci kifi?"

Aka kwashe da dariya, har waɗanda ba su jin Hausa, don an fassara musu. Ɗan sandan ya ce abu mai sauƙi ne, in ubansa ne ya karɓe shi a gani.

Na goge hannu a rigata, na miƙa. Yaron ya dube ni, da doguwar hulata da ɗaurarriyar fuskar da nake fita da ita, ya tsandara ihu, ya cusa kai a wuyan Madam. Matar da bai taɓa gani ba sai yau. Na sake miƙa hannu, ya ƙara ƙanƙame ta. Wannan ita ta fi yi mini ciwo, ba dariyar ba.

Dije ta matso kusa da ni. Ba ta ko rage murya ba.

"Cire hular, Malam. Yi mishi motar."

"Dije, gaban Baba?"

"Mi kake jira? Sai sun tafi da shi?"

Yanzu dole in faɗi abin da ban so faɗa ba. In mun shiga ɗaki an saki labule, ba kowa sai mu uku, akwai wani wasa da nake yi wa yaron. Ban taɓa zaton zai fita daga ɗakin ba, balle ya tsallaka iyaka.

Na cire hula na miƙa wa Dije. Na durƙusa a tsakiyar gidan abincin nan, gaban surukina, da ɗan sanda, da mutanen da suka ciro wayoyinsu. Na buga cinyata kamar yadda ake buga jikin mota, na buɗe murya.

"Gummi! Gummi! Saura mutum ɗaya! Gummi, ɗan Alhaji, shigo mu tafi!"

Yaron ya yi shiru, ya waiwayo.

Na hura leɓɓana na tayar da inji. Na murɗa kunnena na sa giya. Na danna hancina da yatsa na yi oda, fiim, fiim. Na yi tsalle a durƙushe kamar mun faɗa ramin hanyar Adabka. A rami na biyu ya ƙyalƙyale da dariya, ya saki wuyan Madam, ya faɗo jikina da hannu biyu, ya kama hancina yana neman odar da kansa.

Ɗan sandan ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. Ya yi wata magana ya fita. Madam ta ce wai ya ce ba mai yin wannan haukar sai uba.

Muka koma teburin, yaron a ƙirjina, don ya ƙi yarda a karɓe shi. Alhaji ya daɗe yana kallon abin da ya saura na kifin, kai da ƙashin baya. Sannan ya ce, "Malam, ashe haka ƙoshin Bukkuyum yake? Allah ya sa ba da yunwa ka zo ba." Ya sa aka kawo wani. Na ci a gabansa, da hannu ɗaya. Babu sauran abin da zan ɓoye wa mutumin da ya ga ina murɗa kunnena.

Dije ba ta yi mini magana ba sai da muka kama hanyar gida. Abin da ta ce kawai, "Da sun tafi da shi fa?" Na karɓe shi daga hannunta, na riƙe har Bukkuyum, ya jiƙa mini riga a hanya, ban sauke shi ba.

Abin da na koya bai da yawa. Kunyar nan da nake taƙama da ita, manya nake yi wa, su kuwa sun san ɗan wane ne. Wanda bai sani ba shi ne yaron, kuma shi aka tambaya.

Saboda haka ina roƙonka, kai mai karatu, in kana da ɗan fari a gida: yau ɗin nan, da rana tsaka, da hularka a kai da fuskarka ta fita, ka ɗauke shi ka tsaya da shi a ƙofar gida har ya gane ka. Kada ka bari sai ɗan sandan wata ƙasa ya sa ka yi oda da hanci.