Ranar da Na Shiga Helikwafta da Zabi Biyu

Ba zan taɓa mantawa da tafiyata ta farko a jirgin sama ba, ko da yake kiranta tafiya ma ƙarin gishiri ne. Shekarar da aka koma tuƙi a hannun dama ce, ina sabon malami a wata firamare a ƙasar Gwaram, can wajen Sara. Ina da sabon keke, ina da agogon hannu, ina kuma da surutun da ya fi su biyun tsada.

A garin ba a kirana da sunana, sai Malam Jirgi. Dalili kuwa, duk sanda na je Kano sai na sayo tsofaffin mujallun Turawa, irin waɗanda masu tsire ke naɗe nama da su, in haddace labaran matuƙa jirgin da suka tsallake teku su kaɗai. Da la'asar in kafa majalisa a ƙofar gidan Dagaci, in ta zuba: wane ya tashi daga Ingila bai tsaya ba sai ƙarshen duniya, wance ta kwana biyu a sama ba ta runtsa ba. Har nakan ce da ni aka bai wa jirgi, da na kai Makka ban sauka ba. (Iyakar abin da ya taɓa haɗa ni da jirgi shi ne wayar shingen filin jirgin Kano, wadda na taɓa riƙewa har wani ɗan sanda ya kore ni.)

Ba don Allah kaɗai nake kafa majalisar a ƙofar Dagaci ba. Yana da 'ya, Asabe, wadda ni da ita mun riga mun fahimci juna. Kawuna ya zo daga Birnin Kudu ya nema mini aurenta, Dagaci ya ce a ba shi lokaci ya duba halin yaron. To wata huɗu ke nan ana duba halina, ni kuwa ko tari zan yi sai na yi shi da ladabi.

Ana cikin haka, wata ranar bazara da hantsi, muna tsakiyar darasin lissafi, sai muka ji wata ƙara kamar ana sussuka a sama. Kafin in ce a zauna, ajin ya watse. Wata 'yar ƙaramar helikwafta ce, gabanta duk gilashi, ta sauka a filin ƙwallonmu. Mutum biyu suka fito: wani safiyo ɗan Kudu da ba ya jin Hausa in ban da sannu, da matuƙin, wani dattijon Bature mai jan wuya da lofe a baki. Taswirar gonaki da hanyoyi suke yi wa gwamnati, masaukinsu kuma yana Birnin Kudu. Da aka nemi tafinta, gari duka ya waiwayo ya dube ni. Ranar na ji kaina ya kai girman tulu.

Safiyo ya shiga daji da kayan awonsa, aka shimfiɗa wa Bature tabarma a gindin tsamiya, aka kawo fura. Ni kuwa na samu abin da nake nema. Na tambaye shi ra'ayinsa kan jaruman da ke cin dogon zango don su kafa tarihi, har ina jero masa abin da na haddace. Ya zuƙi lofe, ya ce ba jarunta ce ke kai su ba, sikeli ne. Ya ce irin waɗannan mutane har takalminsu suke aunawa, wani ya bar abincinsa a ƙasa don ya samu wurin ƙara mai, sannan ya zauna wuni guda yana fama da barci da fitsari, duk don a buga hotonsa a jarida. Shi dai yana girmama su, amma ya fi son ya yi mil ashirin ya sauka inda za a ba shi fura. Na fassara wa jama'a, amma na tsallake zancen fitsarin saboda surukina na gobe yana wurin.

Sai na tambaye shi game da 'yar helikwaftarsa, ko ba ya jin tsoron ƙanƙantarta. Ya dube ta yadda mutum ke duban tsohuwar goɗiyarsa, ya ce, "Ba ta da ƙarfi, amma ba ta ƙarya. Duk abin da ka ɗora mata, sai ta faɗa." Ya ƙara da cewa a irin wannan zafi ma ƙarfinta raguwa yake. Na gyaɗa kai kamar wanda ya san wannan tun yana goye.

Ban san lokacin da na roƙe shi ya ɗauke ni zuwa Birnin Kudu ba. Ya tambayi nauyina, na gaya masa abin da sikelin gyaɗa ya nuna da kaka. Ya rubuta a 'yar takarda, ya yi lissafi, ya ce akwai wurina, amma ni kaɗai, ko jaka kada in ɗauko. Nan take labari ya zaga gari cewa Malam Jirgi zai tashi bayan azahar.

To a ƙasarmu baƙo ba ya tafiya hannu rabbana. Da aka idar da salla sai ga kaya daga gidan Dagaci: zabi biyu a ɗaure, gorar zuma, da gyaɗa kwano goma a ƙaramin buhu, wadda aka ce mahaifiyar Asabe ce da kanta ta ɓare. Dagaci ya ce in gaya wa baƙo ga ɗan guzuri. Na gaya masa. Bature ya dafa ƙirji ya ce ya gode ƙwarai, amma ba zai iya ɗauka ba, jirgi ya cika.

Na juyo zan fassara, sai na haɗa ido da Dagaci, ga dattawa kewaye da shi. Yaya za a yi in buɗe baki in ce wa mutumin da nake neman 'yarsa an mayar masa da kyautarsa a gaban talakawansa? Abin da na ji ya fito daga bakina shi ne, "Ranka ya daɗe, ya ce ya gode, ya karɓa hannu bibbiyu." Dagaci ya yi murmushi ya ce to in kai masa jirgi.

Na kwashi kaya na shige aji da sunan zan gyara ɗauri. In bar su a can, 'yan makaranta su gani, kafin magariba gari ya sani. In kai jirgi, ga Bature tsaye yana dudduba shi. Sai na dubi babbar rigar da na sa don wannan rana, ta shadda, mai faɗin da za ta rufe mutum uku. Na ɗaura buhun gyaɗa a ciki da rawanin da hedimasta ya bari a ajin, na rataya gorar zuma a hammata, na ɗaure zabi ɗaya a kowane kwiɓi. Dabarata ita ce in mun sauka Birnin Kudu in ba kawuna su, magana ta mutu. (Har yau in na tuna, sai in ga dabarar ba ta da laifi, in ban da cewa ba ta da hankali.)

Na fito ina tafiya a buɗe kamar mai ciwon gwaiwa. Bature ya dube ni sama da ƙasa, ina jin ya ɗauka yadi ne kawai. Na matsa na zauna a gefe, safiyo a ɗaya gefen. Farfela ta fara juyawa, jama'a suka ja da baya, mata na leƙe ta kan danga. Na ɗaga musu hannu irin na manya.

Jirgi ya ɗaga kamar kamu uku, ya karkata ta wajena, ya yi nishi, ya koma ya zauna. Bature ya dubi agogunan gabansa. Ya sake gwadawa, ya sake karkata ta wajena. A karo na biyun ne zabuwar dama ta ga abin ya ishe ta, ta tsinke igiya, ta fito ta wuyan rigata tana ihu irin nasu, ta haye kan safiyo, ta buge lofen Bature. Ya dire jirgin, ya nuna mini ƙofa da yatsa.

Ina taka ƙasa iskar farfela ta ɗaga rigata ta lulluɓe mini kai. Ban ga kowa ba, amma kowa ya gan ni: buhu a ciki, zabuwa tana reto a kwiɓi, gora ta buɗe zuma na bin wandona, gashin zabi ya manne a kai. Da ƙarar inji ta mutu, sai na ji muryar wani tsoho a cikin shirun yana cewa, "Ashe Malam ya raba kayan baƙo." Wallahi da ƙasa ta tsage a lokacin, da na shige ban waiwayo ba. Ba dariyar ce ta ƙona ni ba, sunan ɓarawo ne, a gaban mahaifin Asabe.

Dagaci ya ce in yi bayani, Bature ma ya ce in yi bayani, ga shi babu wani tafinta sai ni. Haka na tsaya, zuma na ɗiga a takalmina, na tona wa kaina asiri da Hausa, na juya na sake tonawa da Turanci. Bature ya yi dariya har da hawaye, ya ce ai ya gaya mini helikwaftarsa ba ta ƙarya. Sannan ya yi abin da ni mai ilimi ban yi tunaninsa ba: ya dangwali zuma ya lasa, ya damƙi gyaɗa ya zuba a aljihu, ya rusuna wa Dagaci. Dagaci ya ce shi ke nan, baƙo ya taɓa. Suka tashi suka bar ni a filin ƙwallo da ƙudaje.

Kwana uku ban je majalisa ba, na riga na sallama Asabe a zuciyata. A na huɗu Dagaci ya aiko kirana. Na durƙusa a zaure, ya dube ni ya ce, "Malam, tafinta dai ba ka iya ba, kada ka ƙara. Amma wanda ya gwammace ya faɗo daga sama da ya kunyata ni, na gama duba halinsa. Ka ce wa kawunka ya zo."

Sunan Malam Jirgi ya mutu daga ranar, na koma Malam Zabo, har jikokin ɗalibaina da shi suka san ni. Dagaci ya daɗe da rasuwa, Allah Ya jiƙansa, tsamiyar ma an sare ta an yi shaguna, kuma ina kewar wannan majalisa fiye da yadda zan iya faɗa. Ban sake kusantar jirgi ba sai da muka tashi aikin hajji ni da Asabe, gashinmu ya yi fari. Muna layin awon kaya a Kano ta matso ta ce a hankali, "Malam, ka dai duba cikin rigarka." Na duba kuwa. Abin da na koya ke nan a tafiyata ta kamu uku: in an ba ka a'a ka kai wa wani, kai ta yadda take, don ta fi sauƙin ɗauka a baki da a ƙarƙashin riga.