Burtsatsen Injiniya Sallau

Wani mutum ne a garinmu, Injiniya Sallau, mai motar haƙa rijiyar burtsatse. In ya buɗe baki sai ka rantse shi ya koya wa ƙarfe juyawa. Shi ne yanzu yake bin gari wai ni na kashe masa sana'a. Ni, mutum kamili, mai sayar da man inji da fara'a.

Ga yadda aka yi. Ya samu kwangilar haƙa wa mutanen Rugar Tsamiya rijiya, ya zo shagona sayen man haidirolik. Shi ne man da ke juya kan injin, yana hana ƙarafan ciki cin junansu. Da ya ji kuɗin sai ya taɓe baki.

"Ilu, ku dai ɓarayi ne. Me inji yake nema in ba santsi ba?"

Na ce, "Gaskiyarka, Injiniya. In don santsi ne, ai karkashi ya fi man nan."

Ya tsaya ya dube ni. Na haɗe fuska.

"Ai na san wannan tuntuni," in ji shi. "A Jamus ma haka muke yi."

Jamus ɗin da ko tashar jirgi bai taɓa leƙawa ba.

Ashe gogan ya wuce kasuwa, ya sayi karkashi da busasshiyar kuɓewa, ya jiƙa a duro, ya tace yauƙin ya ɗura a tankin injin.

Ranar aiki na je kallo. Gari ya taru, mata da bokitai, mai gari a kan kujera. Sallau ya sha farin yadi, yana bayani.

"Ranka ya daɗe, wannan fasaha ni kaɗai na iya ta a ƙasar nan."

Ya tayar da inji. Ƙarfe ya juya, ƙiiii, kamar ana yanka akuya. Ciki ya ɗau zafi, tururi ya tashi, wurin ya gauraye da ƙamshin kicin.

Mai gari ya ce, "Injiniya, lafiya kuwa?"

"Gaisuwa yake yi, ranka ya daɗe."

Sai fau. Tiyo ya fashe, koren yauƙi ya wanke Sallau daga hula har takalmi. Ya yunƙura zai gudu, santsi ya kwashe shi, tim. Ya miƙe, tim. Inji ya yi gyatsa ya mutu.

Mai gari ya leƙa ramin, ko gwiwa bai kai ba. Ya dubi Sallau yana iyo a ƙasa, ya juya wajen matan.

"To, ruwa dai bai samu ba. Ku ajiye bokitan, ku je ku tuƙo tuwo."