Cindo da Tafiyar Sukari

A ƙauyen Kwarin Gayya akwai gidan Iya Delu, masu yin mazarƙwaila. Su uku ne a gidan: ita, da ɗanta Cindo, da ƙanen marigayi mijinta, Baffa Audi, wanda ya tsufa yana aikin kuku a jiragen ruwan Turawa. Cindo dai gemu ya fito, ga ƙarfi kamar doki, amma duk abin da aka faɗa masa haka yake ɗauka, ba ragi ba ƙari. Dukiyarsu ɗaya ce, wani farin rake mai taushi da mahaifinsa ya bari. Iya Delu ba ta taɓa ba kowa ko gaɓa ɗaya ta irinsa ba, don shi kaɗai ya rage mata na mijinta.

Wata rana suna bakin kasko, ruwan rake na tafasa, Baffa ya ce, "Cindo, ka san sukari sunansa ɗaya ne a bakin Turawa? Bafaranshe ya ce sukur, Bajamushe tsuka, ɗan Italiya zukkero, ɗan Sifen asukar, Baturen Ingila shuga. Daga Larabawa kalmar ta fito musu, kamar mu. Larabawa sun karɓa daga Farisa, Farisa daga Indiya." Cindo ya saki baki. Shi ko kasuwar gaba sai an raka shi, ga kalma ta haye teku ita kaɗai! Ya ce, "Baffa, da ƙafa ta je?" Baffa ya ce, "A buhu ta je, cikin kayan fatake." Washegari aka sa shi ɗaure buhunan mazarƙwaila. Kowanne sai ya cusa kai ciki ya ce "mazarƙwaila" cikin ladabi, ya ɗaure da sauri kada ta fice. Can hankalinsa bai kwanta ba, ya kwance su duka ya kasa kunne, shiru. Ya bar su buɗe ya tafi tambayar Baffa, kafin ya dawo kiyashi sun yi biki.

Wata rana kuma Baffa, wanda bakinsa ba ya hutawa, ya ce can farko a Indiya tsakuwa kalmar take nufi. Cindo ya dafe kai ya ce, "Allah mai iko! Tsakuwa ta zama zaƙi?" Ya gangara rafi ya ciko kwando da tsakuwa, ya wanke tas, ya zuba a kasko ya yi ta tura itace. Iya Delu ta tarar itacenta ya ƙare, shi kuwa yana lasar ludayi. Ya ce, "Iya, ba ta nuna ba tukuna. Ta Indiya ma ai ta daɗe." Ta juya ta ce, "Audi, ka rufa mini asiri ka daina ba yaron nan labari."

Ina! Da yamma Cindo ya sake zuwa ya durƙusa. "Baffa, duk wannan tafiya, me ya hana kalmar nan ɓata?" Baffa ya ce, "Ba wanda ya ɓoye ta. Kowa ya karɓa sai ya miƙa wa na gaba da shi."

Wata rana, bayan sun gama dashe, Iya Delu za ta gidan suna. Ta nuna masa ragowar irin rake ta ce, "Ka kai shi inda ba zai ɓata ba." Ita inuwar rumfa take nufi. Cindo ya ɗora wa jaki, ya bi ƙauyukan tudu yana sallama gona gona, kowa ya ba shi dami ya ce, "Ka shuka, ka miƙa wa na gaba." Da ta dawo ta ji, ba ta ko yi faɗa ba. Zama ta yi ta yi kuka, ta daina yi masa magana, abin ya yi masa ciwo ƙwarai.

Damina ta yi tsakiya, rafi ya ɓalle ya kwashe fadamarsu kaf, ko saiwa bai bari ba. Iya Delu ta tsaya a kan yashi ta ce yau mijinta ya mutu.

Da lokacin dashe ya zagayo, sai ga mutane da jakuna ɗauke da irin rake a ƙofar gida. Wani ya ce, "Iya, ga Ɗan-Delu mun kawo." Na biyu ya ce, "Mu Dela muke ce masa." Wata tsohuwa daga nesa, wadda Cindo bai taɓa gani ba, ta ce, "A garinmu Andalu ne, wajen surukina na samu." Iya Delu ta karya gaɓa ɗaya ta tauna. Shi ne, zaƙinsa da taushinsa. Hawaye suka zubo mata, ta miƙa wa ɗanta ragowar.

Cindo bai ko sa a baki ba. Ya matso kusa da Baffa ya ce, "Baffa, ka ji? Sunan Iya ma ya kama hanya."