Kwamfutar da Aka Lulluɓa wa Bargona

Jama'a, bargona na Makka ya dawo gida yana warin ƙonanniyar roba, kuma ba zan ɓoye muku dalili ba.

A garinmu, nan gefen Kiru, muna da ɗan ɗakin da mata ke koyon kwamfuta. Kwamfutar guda ɗaya ce tal, irin mai akwatin nan da ake ajewa a ƙasan tebur. Wani Mai Girma ne ya ba mu lokacin neman ƙuri'a, Allah ya ƙara masa girma. Bushra, 'yar maƙwabciyata, ita ke koyarwa, kuma in babu wannan akwati babu aji.

To, kwana biyu akwatin ya kama gurnani, ƙurrr, ƙaƙaƙas, sai ka ce injin niƙa ya haɗiye tsakuwa. Bushra ta kira mai gyara daga Kwanar Dangora. Ya ce ɗan faifan da ke juyawa a ciki, wanda ke ajiye komai, shi ke girgiza. A ɗaure masa noti, a sa masa 'yar roba ya zauna a kai, in ya ƙi a sake sabo.

Ana cikin haka sai ga Ɗanasabe, mai riƙe wa Mai Girma jaka, wai gobe ubangidansa zai zo duba aikin alheri.

Ya saurara ya ce, "Wannan wane irin rashin kunya ne? Ranka ya daɗe yana jawabi, ita ma tana nata?"

Bushra ta ce, "Yallaɓai, roba kawai za a sa mata."

"Roba? A kayan Mai Girma? Sai kwamiti ya zauna."

Kwamiti kuwa ya zauna, ya sha lemo, ya ci tsire, ya gano abin da mai gyara bai gani ba: duk mai karkarwa sanyi yake ji. Aka aiko Ɗanasabe gidana aron bargon da za a lulluɓa wa kwamfutar.

Na ce, "Ɗanasabe, ɗan nan, zazzaɓi take yi?"

Ya ce, "Inna, ke dai ba da bargo. Harkar gwamnati ce."

Suka naɗe ta tsaf kamar jaririya ranar suna, suka ɗora leshi a sama don ado. Bushra tana cewa, "Fankarta fa! Ta ina za ta sha iska?" Aka ce mata yarinya ba ta sa baki manya na aiki.

Mai Girma ya iso bayan azahar, mu kuwa tun hantsi muke zaune. Ya fara jawabi, akwatin na gunaguni ƙasa-ƙasa. Yana kaiwa kan alkawarin kwamfutoci sababbi, sai kwamfutar ta yi tsit. Ɗanasabe ya dubi Bushra yana murmushi. Ni kuwa hancina ya riga ya ba ni labari.

Mai Girma ya ce bai taɓa shiga ajin da ya kai wannan natsuwa ba. Muka tafa. Ni ma na tafa, me zan yi?

Yanzu ɗakin a rufe yake. Bushra ta zana madannai a kan kwali, mata na zuwa zaurensu suna danna takarda da yatsa, kafin sababbin su iso. Ta ce sun ma fi sauri, tunda kwali ba ya jiran wuta.

Allah ya saka wa kwamiti, ƙara dai ta ɗauke. Sai dai ni 'yan kwanakin nan ina ɗan tari, don haka in kun ji Mai Girma zai sake zuwa, ku ce wa Ɗanasabe Inna ta tafi Doguwa ganin dangi.