Mirza Shafkat Ya Sayi Gida Ba Lauya

"Lauya? Ni? Ai idan lauya ya gan ni, shi ne zai miƙe ya ba ni kujera!"

Mirza Shafkat ne ya faɗi haka a teburin mai shayi na unguwarmu a Multan, yana murza gashin baki. Kuma ka san Allah, bai yi ƙarya duka ba: shekara talatin da ɗaya ya yi a kotu. Abin da ba ya faɗa shi ne aikinsa ɗaukar fayil daga wannan ɗaki zuwa wancan. Shi ya sa muke kiransa Alƙalin Baranda, amma a bayan idonsa.

Da ya ajiye aiki aka ba shi kuɗin sallama, matarsa Nighat ta sayar da awarwaronta na zinariya ta haɗa, don ta gaji da gidan haya. Ƙaninta Tanwir kuwa lauya ne, aikinsa ke nan cinikin gidaje da filaye. Ya zo har gida.

"Bhai Sahib, ba zan karɓi ko rupi ɗaya ba," in ji Tanwir, don haka yake kiransa, wato babban yaya. "A bar ni in duba rajista a ga sunan wa ke kan gidan, in ga takardar gado, a sa cigiya a jarida ko akwai mai ja. Sati uku kawai."

"Sati uku! Yaro, lokacin da na fara shiga kotu kana tsotson yatsa. Ni ƙanshin takarda kawai nake ji in san ta gaskiya ce."

"To Allah ya ƙara wa hanci lafiya," in ji Nighat, ta kwashe kofuna.

Mai sayar da gidan wani santalelen mutum ne, Mumtaz, mai zobe a kowane yatsa. Gidan bene ne a wani lungu na tsohon gari. Ya zagaya da Mirza ranar da mutanen gidan suka tafi biki, yana kiransa "Alƙali Sahib" a kowane ɗaki. Kafin su sauko daga bene, kan Mirza ya fi ƙofar girma.

Mirza da kansa ya rubuta takardar ciniki, kwana biyu yana fama. Jimlar da ya fi alfahari da ita ita ce: "Ni Mumtaz na sayar wa Mirza Shafkat duk abin da na mallaka a wannan gida." Ya karanta wa mai shayi sau huɗu.

"Ka ji kalmar? Duk! Wane lauya ne zai kawo wannan?"

Mumtaz ma ya yaba ƙwarai. Ya ce shi bai taɓa ganin takardar da ta kwanta masa a rai haka ba. Aka je ofishin rajista, aka dangwala yatsa, shaidu biyu suka sa hannu, kuɗi suka koma aljihun mai zobba.

Ranar tarewa Mirza ya yi gaba da kwalin alewa, amalanken jaki na biye da gado da tukwane, Nighat a baya. Ya sa makulli, makulli ya ƙi. Yana cikin kokawa sai ƙofa ta buɗe daga ciki. Wata tsohuwa ce 'yar firit, da muciya a hannu.

"Lafiya?"

"Amma Ji," in ji Mirza, wato Inna a yaren garinmu, "ni ne sabon mai gidan."

"To. Tsohuwar mai gidan ba ta mutu ba tukuna. Wa ya sayar maka?"

"Mumtaz."

Tsohuwa ta juya ta ƙwala kira. Sai ga ƙarti uku, sai ga mata shida, kowacce da goyo ko miji. Ashe gidan gado ne. Uban ya rasu ya bar mata ɗaya, 'ya'ya maza huɗu, mata shida, ba a raba ba. Mumtaz kuwa, na huɗun mazan, tun shekaranjiya ya hau jirgin Maskat. Jakin ma da ya ga taron sai ya juya da kansa.

Washegari Mirza ya shiga ofishin Tanwir yana shafa ƙeya.

"Wani abokina ne ya shiga 'yar matsala. Na ce bari in gwada ka."

Tanwir ya karɓi takardar ya karanta a natse. "Ikon Allah. Abokin naka ma sunansa Mirza Shafkat."

"Sunan ya yi yawa a gari."

"Gaskiya ne. To ka gaya masa takardarsa lafiya lau take. Ya sayi duk abin da Mumtaz ya mallaka, wato kashi ɗaya cikin takwas. Wanda ya rubuta ta ya taimaki Mumtaz ƙwarai, ko ni ba zan iya kare shi haka ba."

"Sai kotu!"

"Bismillah. Kai ka san daɗewar shari'ar gado."

Mirza kuwa ya sani. Akwai fayil ɗin da ya ɗauka shekara goma sha tara, har ya bar aiki ba a gama ba.

Tanwir ya ce a yi sulhu, a yanka wa Mirza rabonsa, shi zai zauna da magadan. Kai ka ce wanda maciji ya sara zai ji tsoron tsumma. Ina! Mirza ya ce wancan tuntuɓe ne, wannan karon za a ga aiki. Ya tafi shi kaɗai.

Ya dawo yana taku ɗai-ɗai. Ya karɓi ɗakin can ƙololuwa da rufin bene gaba ɗaya, inda iska take. Don kada 'ya'yan gidan su dame shi da shanya da tattabaru, ya ƙara sharaɗi da hannunsa: ba wanda zai taka rabon wani, ko da tafin ƙafa ɗaya. Magada suka sa hannu da sauri har suna ture juna.

"Matakalar fa, rabon wa ce?" in ji Nighat.

Mirza ya duba takarda. Ya juya bayanta. Ya sake duba gabanta.

Ta tsohuwa ce.

Nighat ta ɗauki akwatinta ta koma gidan ƙaninta, ta ce idan ya yi fiffike ya aiko mata. Mirza ya ce shi da gidansa ba mai hana shi kwana. Ya ari dogon tsani wurin wani mai fenti, ya jingina ta lungu, ya hau da tabarma da buta, unguwa kaf tana kallo. Daga sama ya ɗaga mana hannu kamar mai buɗe sabuwar gada.

Da azahar mai fenti ya samu aiki a wata unguwa, ya zo ya ɗauke tsaninsa. Ranar Multan kuwa ba sai na gaya maka ba, ƙwai ma soyuwa yake a rufin bene. Mirza ya leƙa ta matakala.

"Amma Ji, don Allah sau ɗaya kawai."

"Ko da tafin ƙafa ɗaya," in ji tsohuwa, tana tsince shinkafa. "Ni ban iya karatu ba, amma an karanta mini."

Wajen la'asar sai ga Tanwir a lungu, da baƙar kwat ɗinsa, ya ɗaga kai yana kare rana da fayil.

"Tanwir! Ƙanina! Lauya Sahib!" Muryar Mirza ta dushe. "Ka yi wani abu!"

"An gama, Bhai Sahib. Na rubuta ƙarar neman hanya, gobe da safe zan shigar."

"Allah ya yi maka albarka! To me ya rage?"

"Ba komai. Ka sauko ka sa hannu."